Kayan da Tahira ta rabar

Ranar da Tahira ta sa rigar da ta fi so ta ga wuyan ya zame ya bar mata kafaɗa a waje, sai ta zauna a bakin gado ta yi ta dariya ita kaɗai. Shadda ce ruwan toka mai aikin zare a ƙirji, wadda a bara sai ta riƙe numfashi kafin ta shige ta. Yanzu ko mutum biyu za ta ɗauka.

Tahira matar Alhaji Maliki ce, mai sayar da hatsi, suna zaune a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Tun haihuwarta ta biyu jiki ya zo mata, bai kuma sake tafiya ba. Ba ta taɓa damuwa ba, don a cikin ƙawayenta ƙiba alamar kwanciyar hankali ce. Sai wata rana a kasuwa jiri ya kwashe ta tana tsaye, ta faɗi kan buhunan gyaɗa. Ƙawarta Zuliha ce ta tare babur ɗin kabu-kabu, ta hau bayanta ta riƙe ta har asibiti, ta kuma zauna a gefenta lokacin da lokotoro yake bayani. Ya ce sukari ne da hawan jini, kuma duka biyun za su lafa idan ta rage tuwo da shinkafa, ta bar lemun kwalba, ta riƙa tafiya a ƙasa kowace safiya.

Zuliha ƙawarta ce tun suna lakwal, wato makarantar boko, a Tsibiri, benci ɗaya suka zauna. Tela ce, tana da shago kusa da kasuwa, kuma tun daga kayan aurenta babu wanda ya taɓa yi wa Tahira ɗinki sai ita. Su biyun ne suka kafa ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa da tuyar ƙuliƙuli, wadda ta haɗa matan Maraɗi da na Tsibiri da na Jiratawa. Tahira ce shugaba tun farko, Zuliha mataimakiya.

Da Tahira ta fara tafiyar safe, tare suke fita. Ba a daɗe ba Zuliha ta ce gwiwoyinta ba za su iya ba, ta daina. Tahira ta ci gaba. Ta koyi cin ganye da wake, ta koyi wuce mai tsire ba tare da ta waiwaya ba. Kafin shekara ta zagayo sukarin ya sauka, ciwon bayan da ta saba da shi ya ɓace, ta kan hau matakala ba ta tsaya hutawa ba. Abu ɗaya ya rage, ba ta da abin sawa. Akwatuna huɗu da armuwar, babban kabad ɗinta, cike, amma duk abin da ta ɗauko sai ya rataye a jikinta kamar na aro.

Ɗiyarta Samira, wadda ke karatu a jami'a, ita ta ba ta shawara ranar da ta same ta a tsakiyar tulin kaya.

"Mama, kada ki sake cika ɗaki. Rabin waɗannan anko ne, sau ɗaya kika sa su. Ki zaɓi launi biyu ko uku da suke shiga da juna, ki ɗinka kaɗan masu kyau. Duk rigar da kika ɗauka ta hau kowane zane."

"Mutane su ce kullum kaya ɗaya nake sawa?"

"Su ce. Ke dai kin huta da neman kallabin da ya ɓace."

Maganar ta shiga Tahira fiye da yadda ta nuna. Ta yi kwanaki tana zagaya masu yadi, tana ɗora wannan kan wancan a hasken ƙofa. A ƙarshe ta tsaya kan shuɗi mai duhu, da ruwan ƙasa, da ruwan madara. Zannuwa uku marasa zane-zane, riguna biyar da za su hau kowannensu, shadda biyu na biki, lafaya ɗaya, sai mayafai da hijabai masu bin launukan. Duka akwati ɗaya zai ɗauke su. Tun tana budurwa rabon da ta yi ɗokin kaya irin wannan.

Ta kwashi yadin ta kai wa Zuliha. Zuliha ta ciro igiyar awo daga wuyanta ta zagaya mata ƙugu, ta duba, ta sake zagayawa.

"Kin ƙara raguwa," ta ce.

"Kaɗan ne. Lokotoro ya ce nan zan tsaya, ya isa."

"To Allah ya sa. Ni dai ina jin tsoro kada a ce Alhaji Maliki ya rufe rumbu."

Suka yi dariya. Tahira ta shimfiɗa yadin a kan tebur tana nuna mata yadda take so, wuya kaza, hannu kaza, ba ta son aiki mai yawa. Zuliha tana ji tana gyaɗa kai. Sannan ta tambaye ta abin da za ta yi da tsofaffin kayan.

"Rabarwa zan yi. Ina dai jin nauyin in kira mutum in ce zo ki karɓi kwancena."

"Bar mini wannan. Na san masu buƙata, a nan da Tsibiri da Jiratawa."

"Amma kada ki ce daga gare ni suke."

"Haba Tahira. Yau kika san ni?"

Washegari Tahira ta sa aka kai mata ƙulli-ƙulli a mota. A sama ta ɗora leshin da ta sayo a Makka, ta ce wannan na Zuliha ne ita kanta, don kusan jikinsu ɗaya ne a da.

Bayan haka ne abubuwa suka fara zuwa wani iri. Maƙwabciyarta ta aiko mata da rubutu a gora ba ta tambaya ba. Matan da ke zuwa sarin mai suka daina ja-in-ja da ita, suna magana a hankali kamar akwai jariri a ɗakin. Wata mata da suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda rigimar yara ta zo har gida, ta durƙusa ta ce a yafe mata. Tahira ta yafe, ta rako ta ƙofa, ta dawo tana cewa a ranta lallai mutane sun fara jin wa'azi. Da ta tambayi Zuliha ranar reniyon ƙungiya, wato taronsu, sai ta ce an ɗaga, mata suna ta aikin gona, ita dai ta huta.

Kaya na farko ya fito ana gab da sunan ɗan ƙanenta Inusa a Tsibiri. Riga ruwan madara, zane shuɗi, mayafi shuɗi. Ta tsaya gaban madubi ta juya hagu ta juya dama. Alhaji Maliki da ke shirin fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wannan kam sai in raka ki da kaina." Ta kore shi tana dariya, ta hau taksi tare da Samira.

Suna shiga gidan, hayaniyar mata ta mutu. Masu daka suka tsaya da taɓare a hannu. Tahira ta yi sallama da ƙarfi, aka amsa ƙasa-ƙasa. Wata ta yi maza ta jawo mata kujera, wata ta karɓe mata jaka kamar ta ɗauko dutse. Tana dube-dube sai ta ga atamfarta mai ganyen kuka a jikin matar wani ɗan uwansu, can kuma wata tana ɗaure da zanenta ja. Ta yi murmushi ta kawar da kai don kada su ji kunya. Amma su ba kunya ce a fuskarsu ba.

Gwaggo Hajiya, ƙanwar mahaifinta, ta taso da sandarta ta kama mata hannu biyu, sai hawaye.

"Tahira, duk abin da na taɓa yi miki, ki yafe mini."

"Gwaggo, mi ya faru? Wa ya rasu?"

Tsohuwar ta girgiza kai kawai tana shafa mata hannu. Tahira ta dubi Samira, Samira ta dube ta.

"Ina Inna?"

Aka nuna mata ɗaki. Mahaifiyarta, wadda ba a taɓa yin taro a gidan ba ita ce kan tukunya ba, tana kwance a kan tabarma fuskarta ga bango. Kwanon fura na gefenta ba a taɓa ba. Da ta juyo, Tahira ta tsorata, don idanun sun faɗa, wuyan ya zama ƙashi.

"Inna! Ba ki da lafiya aka ɓoye mini?"

"Ni?" Inna ta tashi zaune da ƙyar. "Ni ce zan tambaye ki. Ni na haife ki, amma sai dai in ji a bakin wani?"

"Ki ji mi?"

Inna ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin matashin kai ta kwance. Shaddar nan ce ruwan toka mai aikin zare.

"Zuliha ta kawo mini da hannunta. Ta zauna nan inda kike tana kuka. Ta ce ciwon nan ne mai cin mutum daga ciki, tana wurin lokotoro ya faɗa. Ta ce duk zuwan da za ki yi awo sai ta ga kin ragu. Ta ce kin kwashe kayanki kaf kin ce a rabar tun kina gani. Ta roƙe ni kada in nuna miki na sani, wai ba ki son a tayar da hankalina." Ta dafa shaddar. "Wa yake rabar da tufafinsa yana raye, ɗiyata?"

Tahira ta zauna a bakin tabarmar. Samira ce ta durƙusa ta ce, "Kaka, wallahi ƙarya ne. Mama lafiyarta lau. Ta fi ni lafiya."

"Ke yarinya ce, ba za a faɗa miki ba."

Tahira ta kama hannun mahaifiyarta ta ɗora a kan damtsenta. "Inna, matsa ki ji. Wannan jikin mai ciwo ne? Sukari ne da hawan jini, na faɗa miki tun bara. An ce in rage jiki, na rage. Kayan sun yi mini yawa ne, shi ke nan. Na rantse da Allah babu wani abu bayan wannan."

Inna ta daɗe tana kallon fuskarta. Ta shafa kuncinta, ta ja fatar idonta ƙasa ta duba kamar yadda take yi musu suna yara. Sannan ta ce, "To mi zai sa Zuliha ta yi mini haka? Yarinyar da ta ci tuwo a hannuna?"

Tahira ta ɗauki kwanon furar ta dama, ta zauna har sai da Inna ta sha rabi.

Amsar tambayar Inna ta same ta a bakin ƙofa tana fita. Nafisa, wata 'yar ƙungiya daga Jiratawa, ta biyo ta tana murɗa bakin mayafi. Samira ta riga ta faɗa wa matan tsakar gida gaskiya da ƙarfi, kowa ya ji.

"Hajiya, ni ban san haka abin yake ba. An yi reniyo a gidana."

"Yaushe?"

"Tun farkon watan nan. Zuliha ta ce kada a kira ki, zai ƙara miki damuwa. Ta ce tausayi shi ne mu sauke miki nauyi tun kafin ki nema. Mata suka yi ta kuka. Aka ɗaga hannu, aka ba ta shugabanci." Ta ƙara da cewa, "Injin matsar man nan da kika yi ta nema, ya iso. An kafa shi a gidanta."

Tahira ta yi shekara biyu tana bin maganar injin nan, ofis zuwa ofis, wata rana har ta wuni a kan benci ba ta ga wanda ta je gani ba. Ta dubi Nafisa ta ce, "Ke ma kin ɗaga hannu?"

Nafisa ta sunkuyar da kai.

A hanyar komawa Maraɗi Samira ta yi ta faɗa, Tahira kuwa ta juya ga taga. Tana kallon gonakin gero suna wucewa, tana tuna yadda Zuliha ta riƙe ta a bayan babur ranar da ta faɗi, hannunta ɗaya a ƙirjinta tana ce mata kada ta rufe ido. Da Alhaji Maliki ya ji labari ya ɗauki hularsa zai tafi wurin mijin Zuliha. Tahira ta tare ƙofa ta ce wannan ba maganar maza ba ce, ita za ta je.

Washegari da hantsi ta isa shagon. Zuliha tana kan keke, 'yan koyo biyu suna guga. Tana ɗaga kai ta ga fuskar Tahira, sai ta ce wa 'yan matan su je su sayo zare. Leshin Makka ne a jikinta.

"Na je Tsibiri," in ji Tahira.

"Ai na so zuwa, aiki ya riƙe ni. An yi suna lafiya? Zauna mana."

"Na ga Inna."

Zuliha ta cire ƙafa daga keken.

"Tsohuwa ta yi makonni ba ta cin abinci, Zuliha. Tana kwana da rigata a ƙarƙashin kai."

"Ni addu'a na ce ta yi miki. Laifi ne?"

"Kin ce mata kina wurin lokotoro ya faɗa."

"Ai ina wurin."

"To mi ya ce?"

Zuliha ta ɗauki almakashi ta ajiye.

"Mi ya ce, Zuliha? Kunnenki ya ji. Faɗa mini."

"Lokotoro ba kullum yake faɗin komi ba. Kowa yana gani kina zubewa. Mutane ne suka fara tambayata, ni mi zan ce? Ƙawarki lafiya? Ƙawarki lafiya? Har na gaji."

"Sai ki ce lafiya lau. Kalma biyu ce."

"Da na ce haka ba su yarda ba."

"Sai kika ɗauki kayana gida-gida kina nuna musu. Na ce kada ki ambaci sunana."

"Kayanki kowa ya san su ko ban faɗa ba."

"Inna fa? Ita ma tambayarki ta yi, ko ke kika hau mota kika same ta har ɗaki?"

Nan Zuliha ta miƙe. Fuskarta ta canza, muryarta ta fito da wani kaifi da Tahira ba ta taɓa ji ba.

"To na je! Ke kin san mi nake ji? Tun muna lakwal ke ce gaba. Ƙungiyar nan a shagon nan aka yi maganarta, ni na kawo ta, amma ko'ina aka je sai a ce ƙungiyar Tahira. Ni ce mai shimfiɗa tabarma, ke ce mai magana. Abu ɗaya muke daidai, ni da ke manya ne, mu shiga biki tare a ba mu hanya. Shi ma kika tafi kika bar ni. Kullum ki zo nan ki tsaya ina auna ki, kina ba ni labarin yadda kike jin kamar iska za ta ɗauke ki, ni ko tashi daga kujerar nan sai na dafa tebur. Kin taɓa tambayata yadda nake?"

Tahira ta tsaya tana kallonta. Wani ɓangare na maganar ya taɓa ta, ba ta musa ba. Amma sai ta tuna kwanon furar da ba a taɓa ba.

"Da kin ce mini kina son shugabancin, wallahi da na ba ki a gaban kowa. Da kin zage ni ido da ido, da mun yi faɗa mun shirya, ba yau muka fara ba. Amma kika kashe ni a bakin mutane, kika je kika yi wa uwata ta'aziyya ina raye." Ta miƙa hannu. "Ba ni yadina."

"Na yanka wasu."

"Ba ni su haka nan."

Zuliha ta buɗe kabad ta ciro su, wasu a naɗe, wasu guntu-guntu da alli a jiki. Tahira ta zuba su cikin buhun leda ta ɗaure. Har ta kai ƙofa Zuliha ta ce, "Leshin fa? In cire miki?"

"Kyauta na ba ki," in ji Tahira, ta fita.

Abu na farko da ta yi shi ne ɗauko Inna daga Tsibiri. Ta kai ta asibiti ta zaunar da ita gaban lokotoron, ya yi mata bayani da Hausa dalla-dalla, har ya ce da duk masu zuwa wurinsa za su yi kamar ɗiyarta da ya samu hutu. Inna ta yi hamdala, ta yi wata guda a gidan Tahira tana murmurewa. Amma wani abu ya riga ya zauna mata. Ko tari Tahira ta yi sai ta ga idon tsohuwar a kanta.

Sannan ta je reniyon ƙungiya da aka yi a Jiratawa, ba wanda ya gayyace ta. Zuliha ba ta zo ba, ta aiko cewa ba ta jin daɗi. Tahira ta tsaya a tsakiyar mata ta faɗi abin da ya faru, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta yi zaton za a tashi da salati. Wasu kam sun yi, Nafisa har da kuka. Amma da yawa shiru suka yi suna kallon tabarma. Wata dattijuwa daga Tsibiri ta gyara murya ta ce abin bai yi daɗi ba, sai dai an riga an gama, injin yana aiki, ana samun mai, tayar da magana yanzu zai watsa ƙungiya. A yi haƙuri a bar wa Allah. Wata kuma daga baya, a hankali amma Tahira ta ji, ta ce ai mai irin wannan ciwon ba ya taɓa yarda yana da shi.

Wannan ya fi mata zafi fiye da yadda ta zata. Matan nan akwai wadda ta kwana da ita a asibiti ranar haihuwa, akwai wadda ta je ta ba mijinta baki ya mayar da ita. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ba shugabanci ta zo nema ba, ta zo ne su gan ta tsaye. Ta yi musu fatan alheri ta ɗauki jakarta. Mata biyar suka biyo ta waje, su ne har yau suke kawo mata gyaɗa suna matsa a gidanta da hannu.

Nafisa ce ta nuna mata wani tela a bakin kasuwar Jiratawa, sunansa Jibo, mutum mai ƙarancin magana. Matarsa ta auna Tahira a cikin gida ta kawo masa awon. Ya zazzage buhun a kan tebur yana jera guntayen da aka yanka, yana ɗora igiya a kansu. Can ya ɗaga kai.

"Hajiya, waɗannan na ɗiyarki ne?"

"Nawa ne."

"To wanda ya yanka ya rage da yawa. Riguna biyun nan ba za su shige ki ba, ko an saki ɗinki. Kamar an yanka wa wadda ba ta kai ki jiki ba."

Tahira ta ɗauki guntun ruwan ƙasa ta juya shi. Zuliha ba ta kuskuren awo, shekara talatin ba ta taɓa yi ba. Ko dai ta faɗi ƙaryar har ita ma ta fara yarda da ita, tana yanka wa jikin da take jira ya zo, ko kuma ta so ranar da Tahira za ta gwada rigar ta ƙi shiga. Ta yi ta juya abin a ranta, ba ta san wanne ya fi muni ba, kuma ba ta da wanda za ta tambaya.

"A ɗinka wa Samira," ta ce. "Sauran ka yi mini."

Jibo ya yi aikinsa da kyau, ko da yake wuyan rigunansa bai kai na Zuliha zama ba. Tahira ba ta sayi wani yadin ta cike gurbin biyun ba. Ta ga ukun da suka rage sun ishe ta. Da safe ta kan buɗe akwati ta ɗauki abin da hannunta ya fara taɓawa, komi ya hau komi, ta fita. Jita-jitar ta mutu a hankali, don an gaji da jiran abin da bai zo ba. Matar nan da ta zo neman gafara ma ta koma ba ta gaishe ta.

Bayan watanni, wata safiya tana dawowa daga tafiyarta, ta ga wani mutum a kan babur ya ɗaure rago a bayansa ya sa masa hular kwano, shi kuwa kansa ba komi. Ta tsaya a bakin hanya ta yi dariya har da riƙe ciki. Kafin ta ankara ta ciro waya daga jaka tana neman lambar Zuliha, don ita kaɗai ce za ta ji labarin nan ta yi irin dariyar da ake so. Sai da sunan ya fito a gaban idonta ta tuna. Ta daɗe tsaye, babura suna wuce ta. Ta mayar da wayar cikin jaka ta kama hanyar gida, kuma ba ta ba kowa labarin ragon ba.